Ƙwaryar Ruwa a Bayan Tirela

Karsana shida, kowacce da ciki, da bijimi ɗaya. Takardar likitan dabbobi mai wa'adin kwana goma, uku sun riga sun wuce. Sai ƙanen mahaifina, Bappa Hammadu, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda ya rantse ba zai zauna a gaban mota ba muddin shanu suna baya. Abin da na ɗora wa tayoyi huɗu na tirela ke nan a Ngaundare ta ƙasar Kamaru, kuma ranar da na ɗora ban san tayoyin nan ba sa kama birki ba.

Ni dillalin motoci ne a Gombe. Da tsofaffin tayoyi na fara a bakin tasha, har Allah ya sa na yi fili nawa na kaina. Gidanmu Fulani ne da suka shigo gari, shanun mahaifina sun ƙare tun ban iya ɗaure wando ba. Da na samu 'yar gona a bayan gari sai na ƙudurta zan mayar da garke gidanmu, kuma ba da kowace irin saniya ba, da Gudali na tudun Ngaundare, masu jiki da nono. Su ne kaya na farko a rayuwata da na saya ba don in sayar ba.

Motar da na je da ita a-kori-kura ce ƙirar Amurka, ta zo mini daga Kwatano haɗe da tirelarta ta ɗaukar dabbobi. Filogin da ke haɗa wutar mota da ta tirela ya zo a fashe, sai na kai wa wani mai gyaran waya a Nasarawo. Ya haɗa na fitilu, ya haɗa na sigina, sai wata waya shuɗiya mai kauri ta rage a hannunsa. Ya juya ta, ya ninke, ya naɗe da salatif. Da na tambaya, ya ce ta ƙasar sanyi ce, ba ta da aiki a nan. Ban yi musu ba. Duk abin da muka gani a cikin motar Turai ba mu gane shi ba, haka muke cewa, na sanyi ne, mu cire mu yar. Ni kaina na faɗa wa masu saye hakan ba sau ɗaya ba.

A tafiya ban ji komai ba, don tirela ba kaya. Tsakanin Garwa da Ngaundare akwai wani hawa mai tsawo, hanya na nannaɗe dutse kamar rawani, rami a gefe guda. Muna hawa Bappa yana leƙen gawarwakin manyan motoci a ƙasa. Da muka kai sama ya ce hawan bai dame shi ba, saukar yake tunani. Na ce masa motar nan ta fi ƙarfin dutsen nan.

Ranar ta huɗu muka loda shanun a rugar da muka saye su. Ba mu yi nisa ba sai ga wani ɗan gangare da ke sauka zuwa wata 'yar gada. A Gombe ko mai keke ba zai kira shi gangare ba. Na taka birki, mota ta rage gudu kaɗan, sai na ji wani abu ya dafa ta daga baya yana tura ta. Na ƙara takawa har ƙafata ta kai ƙasa. Tayoyin mota suna kuka, amma muna tafiya. Muka haye gadar a karkace, muka faɗa cikin ciyawa, sannan muka tsaya. Na daɗe riƙe da sitiyari kafin in iya buɗe ƙofa.

Bappa ya sauko daga tirela yana kakkaɓe riga. Ya dube ni ya ce, “Buba, wa ke tuƙin nan, kai ko shanun?”

Da giya ɗaya muka lallaɓa cikin gari. Wani makiyayi a kara, wato kasuwar shanu, wanda bai san mu ba ko daga ina, ya buɗe mana shingensa muka sauke shanun, ya ƙi karɓar ko sisi. Shi ne ya kwatanta mini gidan wani tsohon bakanike, Baba Simon, wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin wani asibitin mishan kafin ya ajiye aiki. Ba ya jin Hausa sosai, ni kuma ba na jin Faransanci, sai muka haɗu a Fulatanci, nasa ya fi nawa.

Da na kai masa motar, Baba Simon ya ɗaga tayar tirela ɗaya da jak, ya juya ta da hannu tana gudu. Ya warware salatif ɗin nan, ya ɗauki shuɗiyar wayar ya taɓa ta a kan batir. Sai na ji wani gurnani a cikin tayar, ta tsaya cak. Ya ce birkin tirelar nan lafiyarsa ƙalau, da wuta yake aiki, kuma wannan wayar ce hanyarsa. Abin da babu shi ne wani ɗan akwati da ake kafawa kusa da gwiwar direba, wanda idan ka taka birki shi ke aika wa tirela wuta daidai gwargwado. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya nuna mini ramukan kusoshi guda biyu. Motar ta zo da akwatinta, wani ya kwance ya sayar daban kafin ta iso hannuna. Ban zagi kowa ba. Na san rediyo nawa na kwance daga motoci kafin in kai su kasuwa.

Ya ce akwatin iri biyu ne. Akwai wanda bai san komai ba sai cewa an taɓa birki. Ko ka taka a hankali ko da ƙarfi, zai ɗan jira, sannan ya aika ƙarfin da aka saita masa, shi ke nan. Akwai kuma wanda ke da wani abu a cikinsa da ke jin yadda mota take rage gudu. Ka taka kaɗan, ya kama kaɗan. Ka danne, ya danne. Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwanin madara, ya zaro irin na biyun daga ciki. Tsoho ne, fuskarsa a tsage, rubutun jikinsa ya goge. Ya faɗi kuɗin da ya sa na ɗaga kai na dube shi, ya kuma ce ba ragi.

Na ce zan yi shawara. A bakin dillali wannan na nufin zan je in duba wani wuri.

Washegari na zaga layin masu kayan gyara har na faɗa kantin wani mutum mai fara'a da kowa ke kira Patiro. Hausa a bakinsa kamar a Sabon Layin Gombe aka haife shi. Ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya sauko da akwati sabo fil a kwalinsa, da ledarsa, da lambobi ja masu haske. Kuɗinsa bai kai rabin na tsohon ba, kuma da na taya ya rage. Na tambaye shi ko irin mai jin gudun mota ne. Ya ce duk ɗaya ne, wannan ma ya fi, don ko a kife ka kafa shi zai yi aiki, wancan kuwa sai an yi ta awo kamar ginin masallaci.

Ga abin da na lissafa a raina, kuma zan faɗe shi yadda yake. Shekara ashirin ina kasuwa, na san duk wanda ya zauna yana yabon tsohon kayansa so yake ya rabu da shi. Na san kuma ranar da zan sayar da motar nan, sabon akwati da kwalinsa zai ƙara mata daraja, fasasshe kuwa zai rage. Shanun da na ce ba na sayarwa ba ne suna shinge suna jira, ni kuma ina tsaye ina tunanin ranar sayar da mota. Hali zanen dutse.

Don kunya na bi ta gidan Baba Simon na nuna masa. Ya juya kwalin, ya karanta bayansa, ya miƙo mini.

“Alhaji, da siminti za ka ɗauka, da na ce ka yi sayayya. Siminti ba shi da gwiwa.”

Na ɗauka zafin cinikin da ya kuɓuce masa ne. Bakaniken Patiro ya kafa mini akwatin, muka gwada da tirela ba kaya, na ji ta kama. Na koma masauki da ƙarfin gwiwa. Da yamma Dija, matata, ta kira ta ce an yi ruwa a unguwarmu Kumbiya-Kumbiya har ya shiga zaure, ta kuma tambaya ko ina samun abin ci. Kwana biyar ke nan ina fama da wani curin rogo da ake naɗewa a ganye, mai tsami, ina tuna tuwon masararta da miyar kuka. Na ce mata komai lafiya, takardu ne suka riƙe mu. Ban gaya mata maganar gada ba.

Ranar ta shida muka sake lodawa. Tun a cikin gari na gane akwai magana. Ɗan acaɓa zai gifta, in ɗan taɓa birki kamar yadda kowa ke yi, sai a yi numfashi ɗaya, sannan tirela ta fizge mu baya kamar an ja akuya da igiya. In ji kofatai suna sulɓi a kan katako. Na rage ƙarfin akwatin, sai turin nan na ranar gada ya dawo. Na ƙara, fizgar ta dawo. Ba tsakiya. A wata mararraba wata mota ta tsaya a gabana, na taɓa birki na riƙe, tirela ta kama gaba ɗaya. Na ji wani abu mai nauyi ya faɗi, sannan na ji sandar Bappa tana dukan bangon tirela.

Akwai wata jar karsana da Bappa ya fi so, ya raɗa mata Woɗe, cikinta ya fi na sauran tsufa. Ita ce ta durƙushe, bijimin ya faɗo mata a kan ciki. Da ƙyar muka tashe ta, ni da Bappa da wasu mutum biyu masu wucewa da suka ajiye kayansu suka kama mana. Muka koma shingen makiyayin nan a karo na biyu. Bai tambaye mu komai ba, ya buɗe.

Na tafi kantin Patiro da akwatin a hannu. Mutumin da jiya yake ba ni karin magana da Hausa, yau ko sannu bai sani ba. Na juya Fulatanci, shi ma ya ɓace masa. Faransanci kawai yake zubawa yana nuna mini wata takarda a bango. Na tsaya na dube shi, na ga ba abin da yake yi wanda ban taɓa ganin an yi a filin motoci ba. Na ɗauki kwalina na fita.

Da hantsin ranar ta bakwai Woɗe ta yi ɓari. Bappa ne ya gyara ta, ya ba ta jiƙon wasu saiwoyi da makiyayin ya samo, ya ɗauki ɗan ya kai bayan shinge ya binne. Da ya dawo ya wanke hannu, bai dube ni ba ya ce, “Mace ce.”

A nan tsoro ya kama ni sosai. Kwana uku suka rage a takarda. In ta mutu sai an sake duba shanun daga farko, a ɗebi jini, a jira sakamako, kafin nan sauran biyar ɗin cikinsu ya tsufa, ba mai hankalin da zai ɗora su a mota. In kuma na tafi a haka, dutsen nan yana gaba, da tsoho a baya. Na ce wa Bappa ko dai ya dawo gaban mota ya zauna. Ya ce shi bai taɓa barin saniya mai jego ita kaɗai ba, ba kuma zai fara a ƙasar mutane ba.

Na koma wurin Baba Simon. A hanya na shirya jin kuɗin ya ninka, don da ni ne da akwatin, mutum ya dawo mini ido ja, na san abin da zan yi. Ya saurare ni har na gama. Ya tambayi lafiyar karsanar. Sannan ya ɗauko gwangwanin madarar ya faɗi kuɗin da ya faɗa ranar farko, ba ƙari ba ragi. Na ƙirga na ba shi. Rabon da in sayi abu ban taya ba har na manta.

Ranar ta takwas gaba ɗaya a gidansa ta ƙare. Ya tsinke duk ƙulle-ƙullen da bakaniken Patiro ya yi, ya ja sabuwar waya mai kauri tun daga batir, ya sa mata fis nata mai katse wuta in ta yi yawa, ya bi shuɗiyar har baya yana ɗaure ta. Wajen kafa akwatin ya fi daɗewa. Ya ce dole ya fuskanci inda mota ta fuskanta, in ya karkace abin da ke cikinsa zai riƙa jin ƙarya. Ya kwantar da kwalbar ruwa a kansa yana duba kumfar, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ina kallon rana tana tafiya, amma ban ce ya yi sauri ba.

Saura saiti. Ya ce kuskuren da aka yi mini na biyu shi ne gwaji da tirela ba kaya, don ƙarfin da ya dace da ita a wofi ba shi ne nata da kaya ba. Bappa ya ce ba za a sake gwaji da shanunsa ba. Sai Baba Simon ya shiga wurin maƙwabcinsa mai sayar da masara, aka ara mana buhuna muka loda kimanin nauyin shanun. Muka fita wata hanyar burji a bayan unguwa.

Bappa ne ya kawo maganar ƙwarya. Ya ce buhu ba zai faɗa mana ya ji zafi ba. Ya karɓi ƙwarya wurin matar Baba Simon, ya cika ta da ruwa, ya hau tirela ya zauna a kan buhu ya ajiye ta tsakanin ƙafafunsa. Ya ce macen da ta iya tallan nono tana sauka gangare da ƙwarya a ka, ta tsaya ta gaisa da mutane, ko ɗigo bai zuba ba. In birkin nan ya kai ta, za a ɗora masa shanu. In bai kai ba, a bar su a Kamaru.

Zagayen farko tayoyin tirela suka ja ƙasa, Bappa ya sauko da wando a jiƙe, ya ce wannan ko amaryar birni ta fi shi. Baba Simon ya yi dariya har da tari, ya rage ƙarfin akwatin. Na biyu na ji turi kaɗan, aka ƙara. A na huɗu na taka birki, mota da tirela suka zauna tare kamar abu ɗaya. Bappa ya leƙo ya ce ruwan ya yi rawa amma bai fita ba.

Kafin mu rabu Baba Simon ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ɗan maɓalli a ƙasan akwatin, wanda in ka tura shi birkin tirela kaɗai ke kamawa. Ya ce in na ga tirela ta fara kaɗa wutsiya, kada in danne birkin ƙafa, in tura wannan a hankali, ita za ta ja motar ta miƙe. Ya sa na yi ta yi har hannuna ya san wurin ba tare da na duba ba. Ya ce in sauka dutsen da ƙaramar giya, in bar inji ya yi rabin aikin. Matarsa ta ce mu tafi da ƙwaryar.

Ranar ta tara muka jira hazon safe ya ɗaga. An yi wa Woɗe shimfiɗar ciyawa a gaba, an kare ta da katako daga bijimin. A bakin gangaren na tsaya, na zaga tayoyi, na duba filogi, na yi addu'ar da na sani. Na sa giya ta biyu.

Ban san tsawon lokacin da saukar ta ɗauka ba. Na san warin birkin manyan motoci ya cika iska, na san rigata ta manne a bayana. Kowace kwana in taɓa birki in saurara, in ji tirela ta amsa a hankali, ba fizga ba turi. Na fara sakin jiki ke nan, a wata doguwar kwana, sai ga motar katako ta hawo ta ci rabin hannuna. Na kauce. Shanun suka zube gefe guda, a madubi na ga tirela ta tafi hagu, ta dawo dama, ta sake tafiya fiye da na farko, ramin kuwa yana nan a gefen. Ƙafata ta tashi da kanta za ta danne birki. Na riƙe ta. Na kai yatsa na tura maɓallin. Na ji kamar wani ya kama bayan motar ya ja da hannu biyu, madubi ya nuna mini tirela ta dawo bayana ta tsaya a layi. Na saurari sandar Bappa. Ba ta buga ba.

A ƙasan dutsen na samu fili na tsaya. Na taɓa ƙarafan tayoyin tirela, da ɗumi amma hannu yana iya zama. Na buɗe ƙofar baya. Shanu bakwai a tsaye, Woɗe tana tuƙa. Bappa ya sauko a hankali da ƙwaryar a hannu biyu. Ashe ya cika ta tun a sama bai gaya mini ba. Gefe ɗaya na wandonsa a jiƙe yake, na kwanar nan ne. Ya duba abin da ya rage, ya duba rana, ya tsuguna a gindin wata bishiya ya yi alwala da shi, ya miƙo mini sauran. Ya ishe ni.

Mun kwana Garwa, muka ƙetare iyaka ranar da takarda ke cika, muka bi ta Yola da Numan muka shigo Gombe. Na je Nasarawo na nuna wa mai gyaran wayar abin da shuɗiyar waya ke yi. Ya kama baki ya ce ai shi ya ɗauka ta sanyi ce. Na ce na sani, ni ma haka na ɗauka.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Karsana biyar sun haihu lafiya, uku mata biyu maza. Woɗe ta rayu, sai da ta shekara kafin ta sake ɗaukar ciki. Bappa ya dawo gida da ƙafafunsa. Akwatin Patiro ya yi wata takwas a kan kanta a ofishina, har wani mai buga bulo a Manawashi ya gani ya taya. Na tambaye shi me zai riƙa ja, ya ce siminti. Na gaya masa irin akwatin da ne, da abin da ba zai iya ba, ya ce ya ji, na sayar masa har da 'yar riba. Da na ba Bappa labari, ya ce ribar ba ta kai kofato ɗaya na 'yar maraƙar da ya binne a Ngaundare ba. Na lissafa ta kowace fuska, ban samu inda ya yi kuskure ba.